Sirrin Mutum a Intanet: Yadda Ake Bibiyar Bayanai da Yadda Ake Tsare Asusu

 

A 'yan shekarun nan tambayoyin da ake kawo mana bayan karatu sun sauya kama. Da can mutum zai zo ne da mas'alar gado ko ta ciniki. Yanzu kuwa sai ka ga dattijo ya miƙo waya yana cewa an ƙwace masa WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunansa, ko ɗalibi ya tambaya ko gaskiya ne ana iya sauraren abin da yake faɗa a waya, ko mace ta aiko a tambaya mata hukuncin mijin da ke buɗe wayarta idan ta yi barci. Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fara sanin haƙiƙarsa. Don haka muka tattara wannan bayani domin limamai da ɗalibai da masu kula da zaurukan masallatai su sami abin komawa gare shi.

Ma'anar kalmomi uku

Sirri a intanet shi ne ikon mutum a kan bayanansa, wato ya zama shi ke zaɓar wanda zai san inda yake, da wanda yake magana da shi, da abin da yake karantawa, da hotunan iyalinsa. Tsaron asusu kuma shi ne hana wani shiga asusunka na Facebook ko WhatsApp ko imel ko na kuɗi ba da izininka ba. Sa ido a kan zirga-zirgar bayanai shi ne wani ya tsaya a kan hanyar da saƙonni ke bi, yana kallo, yana rubutawa, wani lokaci ma yana tarewa ko sauyawa.

Abubuwan uku suna da alaƙa amma kowanne daban yake. Mai yiwuwa asusunka ya kasance a kulle gam, amma kamfanin da ka buɗe asusun a wurinsa yana sayar da labarinka. Mai yiwuwa kuma saƙonka ya bi hanya a rufe babu mai iya karanta shi, amma wayar da ke hannunka an riga an shige ta. Wanda ya rarrabe waɗannan ukun zai san inda kowane magani yake aiki da inda ba ya aiki.

Yadda saƙo ke tafiya

Idan ka buɗe wani shafi a wayarka, wayar takan fara magana ne da ƙarfen sabis mafi kusa da kai, ko da na'urar Wi-Fi ta gida ko ta makaranta. Daga nan bayanin ya shiga kayan kamfanin sadarwa, wanda ya ba wayarka wata lamba da ake kira lambar IP, kamar lambar gida ce da amsa za ta dawo gare ta. Kafin a kai ga shafin, wayar takan tambayi wani kundi mai suna DNS domin ya juya sunan shafin ya zama lamba. Sa'an nan a yanyanka bayanin zuwa ƙananan ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, su bi ta na'urori masu yawa har su isa manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda galibi suna Turai ko Amurka.

Mafi yawan wannan tafiya tsakanin nahiyoyi ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku ake yin ta. Mun ga shaidar haka ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Ƙasashen da ba su da gaɓar teku, irin su Nijar da Chadi, dole bayanansu su ratsa ƙasar maƙwabta kafin su kai teku. Abin lura a nan shi ne kowace tasha da ƙullin ya tsaya, akwai mai ita, kuma mai tashar yana iya ganin abin da ya ratsa ta gabansa gwargwadon yadda aka rufe shi.

Wasiƙa da bayan ambulan

A kowane saƙo akwai abu biyu: abin da ke cikin wasiƙar, da abin da aka rubuta a bayan ambulan. Na ciki shi ne maganarka da hotonka da muryarka. Na baya shi ne wa ya aika, wa aka aika wa, da ƙarfe nawa, daga wane wuri, minti nawa aka yi ana magana, da wace irin waya.

Mutane da yawa sukan raina bayanan ambulan, alhali sau da yawa sun fi wasiƙar tona asiri. Wanda ya san cewa lambar kaza ta kira likitan mata sau uku a mako guda, ta kuma kira wani gida a wani gari da tsakar dare, ba ya buƙatar jin muryar kowa kafin ya fahimci halin da gidan ke ciki. Wayar salula kuma muddin tana kunne tana sanar da ƙarafan sabis inda take, ko da babu data a cikinta, ko da ƙaramar waya ce mai madannai. A shekarar 2014 Janar Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar hukumomin leƙen asirin Amurka na NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a cewa sukan kashe mutane bisa dogaro da irin waɗannan bayanai.

Su wane ne ke kallo

Na farko su ne kamfanonin da ke ba da manhajoji kyauta. Ribarsu daga talla take, talla kuma tana tsada ne gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa. Don haka suke tara abin da ka nema, da abin da ka daɗe kana kallo, da wuraren da ka je. A shekarar 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya sami bayanan masu amfani da Facebook da yawansu ya kai miliyan 87 ta hanyar wata manhajar tambayoyi, ya yi amfani da su a harkar zaɓe. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na manhajojin lokutan salla. Irin wannan manhaja tana buƙatar sanin inda kake domin ta lissafa maka lokaci da alƙibla. A watan Nuwamba 2020 jaridar Motherboard ta wallafa bincike cewa manhajar Muslim Pro, wadda aka sauke sau miliyoyi masu yawa, tana miƙa bayanan wuraren masu amfani da ita ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, shi kuma yana da abokan ciniki a cikin 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja da bayanai, suka kuma sanar da yanke hulɗa da dillalin. Darasin da muka ɗauka shi ne sunan addini a kan manhaja ba ya nuna inda bayananta ke zuwa. Kuma lissafin lokacin salla ba ya buƙatar a bi ka duk inda ka sa ƙafa, ya isa ka rubuta sunan garinku da hannu ka kashe izinin bibiyar wuri.

Na biyu su ne gwamnatoci. A watan Yuni 2013 Edward Snowden, tsohon ma'aikacin kwangila na NSA, ya miƙa wa jaridun Guardian da Washington Post takardun da suka nuna cewa hukumar tana tara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa, tana kuma karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet a ƙarƙashin wani shiri mai suna PRISM. Takardun sun nuna har ila yau cewa takwararta ta Ingila, GCHQ, tana kwasar bayanai kai tsaye daga wayoyin ƙarƙashin teku a shirin Tempora. Rasha tana da tsarin SORM tun shekarun 1990, wanda ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su girka na'urar da jami'an tsaro ke leƙawa ta ciki. Sin kuma ta gina katangar intanet mafi girma a duniya.

Na uku su ne 'yan damfara da 'yan kutse, waɗanda kuɗi suke nema. Na huɗu, wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne na kusa: miji ko mata, ɗan'uwa, abokin aiki, yaron shagon caji, mai gyaran waya. A cikin ƙararrakin da ke zuwa mana, na uku da na huɗu su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Kayan aikin sa ido

Akwai na'urar binciken ƙulli mai zurfi, wadda ake kira DPI a taƙaice. Ana girka ta ne a tsakiyar kayan kamfanin sadarwa, ba ta tsayawa ga karanta adireshi, takan duba siffar ƙullin da abin da ya bayyana na cikinsa, ta gane wannan kiran WhatsApp ne, wancan bidiyo ne, wancan kuma VPN ne. Kamfanoni na amfani da ita wajen tsara cunkoso da lissafin data, kuma da ita ce ake iya sayar maka da data ta WhatsApp kaɗai. Amma ita ɗin ce dai ake toshe shafuka da ita. A watan Maris 2018 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta bayyana cewa an yi amfani da irin wannan na'ura, ƙirar kamfanin Sandvine, a Turkiyya wajen karkatar da masu sauke manhajoji zuwa ga gurɓatattun manhajojin leƙen asiri, a Masar kuma wajen karkatar da mutane zuwa shafukan talla.

Akwai ƙarfen sabis na bogi, wata na'ura ce da ake iya ɗauka a mota, tana yaudarar wayoyin da ke kusa su haɗu da ita a zaton ƙarfen kamfani ne, sai ta kwashe lambobin simukansu. Ta fi samun sauƙi a kan tsohon tsarin 2G, domin a wannan tsari waya ba ta tantance ƙarfen da take magana da shi.

Mafi haɗari ita ce manhajar leƙen asiri da ake dasawa a cikin wayar kanta. Wadda ta fi shahara ita ce Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wanda ke cewa gwamnatoci kawai yake sayar wa domin yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka. An fara gano ta a 2016, lokacin da aka aika wa Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wani saƙo mai mahaɗi, bai taɓa shi ba, ya tura wa masu bincike. Daga baya ta kai matsayin da take shiga waya ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. A 2019 WhatsApp ta maka NSO a kotu kan kutse a wayoyin mutane kusan 1,400, kuma a 2020 aka tabbatar cewa a cikin waɗanda aka nufa har da wani bishop na cocin Katolika a Togo, Benoît Alowonou. Wannan ya nuna cewa shugabannin addini a yankinmu ba su fita daga lissafin masu leƙe ba. A watan Yuli 2021 gamayyar 'yan jarida tare da Amnesty International suka fitar da bincike kan jerin lambobi kusan 50,000, a Nuwamban shekarar kuma Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda aka taƙaita ciniki da su. Idan irin wannan manhaja ta shiga waya, tana karanta saƙo bayan an buɗe shi, tana kunna makirufo da kyamara. Sai dai tana da tsada ƙwarai, ba a kashe ta a kan kowa.

Hannun da ke iya kallo shi ne kuma ke iya rufewa. Chadi ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Kamaru ta yanke intanet a yankunanta biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu 2017. A Nijar an yanke intanet na wayar salula kimanin kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu 2021. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Kulle saƙo da iyakarsa

Kulle saƙo shi ne a juya rubutu ya zama abin da ba ya karantuwa sai ga mai mabuɗi. Ilmi ne tsoho, kuma malaman Musulunci suna da hannu a cikinsa. A ƙarni na 9 Miladiyya, a Bagadaza, Ya'aƙub bin Ishaƙ al-Kindi ya bayyana hanyar warware rufaffen rubutu ta ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa a harshe, wannan kuwa shi ne mafi daɗewar bayanin da aka sani a kan wannan hanya. A zamaninmu babban sauyi ya zo ne a 1976, da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya amincewa a kan mabuɗi ɗaya alhali ana sauraronsu. A kan wannan tushe aka gina kariyar da muke amfani da ita yau.

HTTPS: idan adireshin shafi ya fara da waɗannan haruffa, abin da ke tsakaninka da shafin a kulle yake. Kamfanin sadarwa da mai Wi-Fi za su iya sanin sunan shafin da ka shiga, amma ba su ganin abin da ka karanta ko ka rubuta a ciki. Alamar ba ta nufin mai shafin mutumin kirki ne, domin 'yan damfara ma suna sa ta a shafukansu.

Kullewa daga waya zuwa waya: a nan mabuɗin yana wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai, kamfanin ma ba ya iya karantawa. Haka Signal take, haka kuma WhatsApp ta koma tun Afrilu 2016. Telegram ba haka take ba a hirarrakinta na yau da kullum da zaurukanta, sai idan an zaɓi hirar sirri tsakanin mutum biyu. Saƙon tes na SMS da kiran waya na layi ba su da wannan kariya. Kuma ko a WhatsApp, bayanan ambulan suna nan, ajiyar saƙonni da ake turawa Google ko iCloud kuma ba ta samun irin wannan kulli sai mai wayar ya kunna shi da kansa. Sa'an nan zaure mai mutum 500 babu sirri a cikinsa komai ƙarfin kulli, domin kowa na iya ɗaukar hoton allo ya tura.

VPN: rami ne da ake haƙawa daga wayarka zuwa kwamfutar wani kamfani, sai kamfanin sadarwarka ya daina ganin shafukan da kake shiga. Amma yanzu mai VPN ɗin ne ke gani. Amanar ta tashi ne daga hannu ta koma wani hannu, kuma masu bayar da shi kyauta da yawa daga bayananka suke cin abinci. Ba ya kuma ɓoye ka ga Facebook idan ka shiga da sunanka.

Tor: manhaja ce da ke bi da bayanai ta tashoshi uku, kowace tasha ta san wadda ke gabanta da ta bayanta kawai. Asalin bincikenta daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ne a shekarun 1990. Tana ɓoye mutum fiye da VPN, amma tana da nauyi wajen tafiya.

Tarihi ya kuma koyar da a duba wanda ya ƙera makullin. A Fabrairu 2020 aka bayyana cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin kulle saƙo, daga 1970 ya shafe shekaru yana mallakar CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma a ɓoye, suna karanta abin da abokan cinikinsu ke zaton a rufe yake.

Tsaron asusu

Kalmar sirri: ƙarfinta a tsawonta yake. Lamba 4 tana da fuska 10,000, lamba 6 tana da miliyan 1, ƙananan haruffan boko 8 suna da fiye da biliyan 200, kuma duk harafin da aka ƙara yana ninka adadin sau 26. Amma lissafin yana rushewa idan aka zaɓi abin da kowa zai iya cinka. A 2009 da aka sace kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, wadda ta fi yawa ita ce 123456. A wurinmu abin da ya yi kama da haka shi ne shekarar haihuwa, da lambar waya, da sunan ɗan fari, da 786, da kalmomin zikiri da kowa ya sani. Abin da ya fi shi ne a haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna.

Kada a maimaita kalma ɗaya a asusu biyu. Kamfanoni kan yi asarar bayanai: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, a Afrilu 2021 kuma aka baza lambobin waya da sunayen masu Facebook miliyan 533. Ɓarayi kan ɗauki kalmar da ta fita daga wuri ɗaya su gwada ta a sauran wurare. Rubuta kalmomin a littafi a ajiye a akwati a gida ya fi maimaita kalma ɗaya aminci.

Tabbaci na biyu: shi ne a ƙara wani mataki bayan kalmar sirri, ko lambar da ke zuwa ta tes, ko lambar da wata manhaja ke fitarwa duk daƙiƙa 30. Ta manhaja ta fi ƙarfi, domin ana iya sace layi. Satar layi ita ce ɓarawo ya yaudari ma'aikacin kamfanin sadarwa, ko ya haɗa baki da shi, a mayar da lambarka kan sabon sim. Da wannan hanya aka shiga asusun Jack Dorsey, shugaban Twitter a lokacin, a Agusta 2019. Idan sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai suna da shi, ka hanzarta zuwa ofishin kamfanin, ka kuma sanar da bankinka.

Satar WhatsApp: wannan ita ce ta fi addabar zaurukan masallatai da makarantu. Ɓarawo yakan sa lambarka a wayarsa, sai WhatsApp ta turo maka lamba 6 ta tes. Sa'an nan ya kira ka da sallama da ladabi, ya ce shi ɗan zaurenku ne, za a yi taro ko karatu ta intanet, ko ana rajistar tallafi ko kujerar Hajji, ka karanto masa lambar da ta shigo. Da ka karanta, asusun ya koma hannunsa, sai ya bi abokanka da ɗalibanka yana cewa kana asibiti ko kana tara kuɗin ginin masallaci. Mutane kuma su tura saboda sunanka suka gani. Ƙa'idar ita ce lambar da ta zo ta tes ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani ko banki yake. Kuma a shiga saitin WhatsApp a kunna tabbaci mai mataki biyu, a sa lamba 6 ta kanka tare da imel. Idan an riga an sace, sai ka sake shigar da lambarka a WhatsApp, ka sa sabuwar lambar tes, wannan zai fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar tabbacin, za ka jira kwana 7. A wannan tsakani a sanar da jama'a ta kira da kuma bayan salla, masu kula da zaure kuma su cire lambar har ta dawo.

Tarkon mahaɗi: saƙo ne da ke kama da na banki ko na Facebook, ko mai alkawarin data kyauta ko tallafin Ramadan, ya kai ka shafin bogi ka rubuta kalmar sirrinka da hannunka. Manya ma suna faɗawa, da irin wannan saƙo aka shiga imel ɗin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, a Maris 2016. Alamominsa su ne gaggawa, da tsoratarwa, da kwaɗaitarwa, da cewa ka tura wa mutum goma.

Wayar kanta: a sa mata makulli, a sa wa sim lambar sirri, a riƙa sabunta manhajoji domin sabuntawar ce ke toshe ƙofofin da aka gano, a guji sauke manhaja daga wajen Play Store ko App Store, musamman jabun WhatsApp da ake turawa hannu da hannu. Kafin a kai gyara a cire sim da katin ajiya, kafin a sayar kuma a fita daga dukkan asusu a goge ta gaba ɗaya. Wanda wani ya buɗe masa asusu a shago, ya sauya kalmar sirrin da zarar ya koma gida.

Dokoki

Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta GDPR ranar 25 ga Mayu 2018. Tarayyar Afirka ta amince da Yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanai a 2014, ta fara aiki a 2023. Ghana ta yi dokar kare bayanai a 2012. Nijar ta yi tata a 2017 tare da kafa hukumar HAPDP, ta yi dokar laifukan intanet a 2019, a 2020 kuma majalisarta ta amince da dokar da ta ba da damar tare saƙonnin sadarwa saboda tsaron ƙasa. Najeriya ta sa hannu a kan dokar kare bayanai a Yuni 2023. Waɗannan dokoki sun shafi ƙungiyoyi da makarantu su ma, domin duk mai tara sunayen ɗalibai da lambobin iyaye da hotunan marayu mai riƙe da bayanan mutane ne.

Matsayin shari'a

Asali a shari'a shi ne haramcin bin diddigin asirin mutane. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana tajassusi, ta ambace shi tsakanin mummunan zato da giba, domin zato ne ke haifar da leƙe, leƙe kuma ya haifar da yi da mutum. Ayoyi na 27 da 28 a Suratun Nur sun wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, hadisi ingantacce kuma ya bayyana cewa saboda kallo aka shar'anta neman izinin. Abin da ke cikin wayar mutum a yau ya fi abin da ke ɗakinsa yawa, don haka buɗe ta ba da izini ba, ko dasa mata manhajar leƙe, ko karanta saƙonnin abokin ciniki a shagon gyara, duk suna ƙarƙashin wannan hani. Aure ba ya ɗauke shi, wanda yake da zargi hanyarsa ita ce magana da sulhu ta hannun magabata. Kulawar iyaye da wayar ƙananan yara tana cikin tarbiyya, kuma ya fi kyau yaro ya san ana dubawa.

Game da hukuma, malamai irin su Imam al-Mawardi sun bayyana cewa mai hisba ba ya binciken abin da aka ɓoye, sai idan akwai alama mai ƙarfi ta ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar shirin kisan kai. Ƙissar wasiƙar Haɗib bin Abi Balta'a, wadda aka tare a hanya kafin buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira, ta wannan babi ce: saƙo ɗaya sananne, saboda haɗari sananne. Ba a ƙiyasta tara bayanan al'umma baki ɗaya a kanta.

Kare kai kuma ba ya cin karo da tawakkali. A lokacin Hijira Amir bin Fuhaira yakan koro tumaki su bi ta kan sawun Abdullahi bin Abubakar domin su shafe shi, wannan kuwa riƙo da sababi ne. Mai cewa ba shi da abin ɓoyewa ya tuna cewa a wayarsa akwai lambobin mutane, da hotunan matansa da 'ya'yansa, da tambayoyin da aka yi masa a asirce. Limami ko malamin da ake kawo wa matsalar aure ta WhatsApp, sakacinsa da makullin wayarsa sakaci ne da amanar wasu. Haka kuma wanda aka turo masa asirin wani da aka fallasa, to ya tsaya a wurinsa, kada ya zama tasha ta gaba.

Muna shawartar kwamitocin masallatai su ware zama ɗaya, matasa masu sani su zauna da dattawa, a kunna wa kowa tabbaci mai mataki biyu, a duba izinin manhajojin salla, a kuma tsayar da ƙa'ida cewa duk roƙon kuɗi da ya zo ta saƙo sai an kira mai shi an ji muryarsa kafin a tura ko sisi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu. Allah ne Mafi sani.